Kafin Ka Sauya Kyamara, Duba Gilashin da Ke Bakinta

Tambayar da matasa masu sana'ar hoto suka fi kawo mini daga Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu ita ce: "Malam, kyamarata ba ta fitar da hoto yadda nake so, wacce zan saya?" Idan na karɓa na duba, galibi lafiyarta ƙalau. Canon ce ko Nikon ta hannu, irin su 600D ko D3300, a bakinta kuma akwai gilashin nan da aka sayo ta da shi, mai lamba 18-55mm. Mai ita har ya shiga adashe don ya rabu da ita. Shawarata gare ka, ƙanena, ka riƙe kyamararka, ka zuba kuɗin a gilashi. Gilashi ne ke tattaro haske ya tsara hoton, ita kyamara karɓa take yi ta adana.

Lambobi biyu ne a jikin kowane gilashi, kuma wanda ya gane su ba mai shagon da zai ruɗe shi. Ta farko mai "mm" tana nuna faɗin abin da gilashin ke gani: ƙaramar lamba kamar 18 tana kwaso wuri da yawa, babba kamar 200 tana jawo na nesa ta matse wurin. Ta biyu mai "f" tana nuna iyakar yadda ƙofar haske za ta buɗe, kuma a nan ƙaramar lamba ce babbar ƙofa. Gilashinka na 18-55 an rubuta masa f/3.5-5.6. Ma'ana da zarar ka jawo hoto zuwa 55, ƙofar ba za ta wuce f/5.6 ba. Da rana tsaka a filin idi wannan ya wadatar. Amma shiga ɗakin amarya bayan magariba, an ɗauke wuta, ƙwai ɗaya na janareta ke ci, ka ga abin da zai faru. Kyamarar za ta ɗaga ISO hoto ya fito da yashi-yashi, ko ta rage saurin ɗauka hannun mai guɗa ya zama inuwa. Gilashi mai f/1.8 yana shigo da haske kusan ninki 10 na mai f/5.6. Wannan bambanci ne kake gani a hotunan abokan sana'arka kake zaton kyamararsu ce ta fi taka.

Shi ya sa in ka tambayi ƙwararru gilashin da suka fi ƙauna, 50mm f/1.8 ba ya ɓacewa a bakinsu. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya yi suna a hoton rayuwar titi, mafi yawan aikinsa da gilashin 50mm ya yi shi a kan kyamarar Leica. Gilashin 50mm f/1.8 da Canon ta fitar a 2015, mai harufan STM, nauyinsa giram 160 ne, ƙwayoyin gilashi 6 kacal ke cikinsa. Sauƙin ƙirar ne ya sa yake da araha kuma hotonsa ke fita tangaran. Ba ya zum ko kaɗan. In kana son kusa ka taka da ƙafarka, in kana son faɗi ka ja da baya. Ni ina ganin wannan alheri ne ga mai koyo, domin yana tilasta maka ka yi tunanin inda za ka tsaya tun kafin ka ɗaga kyamara.

Sai dai a nan da yawa ke yin sayen da suke nadama. Shi Cartier-Bresson a kan fim ɗin da faɗin kowane hoto a jikinsa milimita 36 ne yake ɗauka, irin girman da manyan kyamarori kamar Canon 5D da 6D ko Nikon D750 suke da shi. Taka kuwa farantin da ke karɓar haske a cikinta ƙarami ne, don haka kowace lamba sai ka ninka ta da 1.6 in Canon ce, ko 1.5 in Nikon ce. Gilashin 50 a kan 600D yana gani ne kamar 80. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗaki, tsakaninka da bango mita 3, abin da zai shiga hoton faɗinsa bai wuce mita 1.3 ba. Amarya ce da ƙawa ɗaya ko biyu. Sauran ƙawayen da suka sha anko suna jira, ga uwar ɗaki, ga gwaggo ta ce ita ma sai an sa ta, kai kuma bayanka ya riga ya manne da bango. Ɗakunanmu a Garu ko Limawa ko Fagoji ba don gilashin 50 aka gina su ba.

Saboda haka idan mafi yawan abincinka a cikin gida yake, kamu da suna da walima da buɗar kai, fara da wanda ya fi faɗi. Mai Nikon ya nemi 35mm f/1.8G DX, wanda ya fito a 2009. A kan kyamararsa yana gani kamar 52, wato shi ne ainihin hamsin ɗin da ake yabo. Mai Canon ya nemi EF-S 24mm f/2.8, ɗan falalen nan na 2014, wanda a wancan ɗakin zai kwaso kusan mita 3 a faɗi. Wannan shawara ta fi shafar 'yan'uwa mata da suka shigo sana'ar, domin su ke shiga inda namiji ba ya shiga, kuma ɗakunan da suke aiki su ne mafi ƙunci da ƙarancin haske. Bayan wannan sai 50 ya biyo, kuma a lokacin zai yi maka aikin da ya fi iyawa a ƙaramar kyamara: hoton fuska.

Bari in tsaya a kan fuska, don a nan mutuncin mai hoto yake. Mutane na cewa gilashi mai faɗi yana kumbura hanci. Gaskiyar ita ce matsowa kusa ke kumbura shi. Mai faɗin yana sa ka matso har hancin ya fi kunnuwa kusa da kai ƙwarai, shi ya sa hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya yake sauya masa kama. Ka ja baya mita 2 zuwa 3, fuska ta dawo daidai yadda 'yan'uwanta suka san ta. Wannan ne dalilin da masu manyan kyamarori ke son 85mm, kuma shi ne abin da 50 ke ba ka a kan taka da kuɗi kaɗan. Ka zaunar da amarya kusa da taga, hasken la'asar na zuwa ta gefe, ka buɗe ƙofa zuwa f/2, ka ɗora fokas a kan idon da ya fi kusa da kai. Kwallin idon zai fito, zaren gwaggwaro zai fito, akwatunan lefe da labulen da ke baya su narke su zama launi kawai.

Amma kada daɗin narkewar baya ya ɗebe ka. A f/1.8, daga mita 2, yankin da ke fita tas bai wuce santimita 11 ba daga gaba zuwa baya. Idan amarya ta ɗaga hannu don nuna lalle a gaban ƙirjinta, ko dai lallen ya fita fuskar ta dushe, ko fuskar ta fita lallen ya dushe. In kuwa jama'a ce sahu biyu, na gaba a zaune na baya a tsaye, sahun baya gaba ɗaya ya tafi, kuma sau da yawa a nan dattawan gida suke. Abin yana yi mini ciwo in ga albam ɗin biki da fuskar mahaifi ta dushe, domin bayan shekara 20 wannan fuskar za a buɗe albam a nema. Hoton taro ka tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8, ka kunna filasha ka harba ta silin ta dawo da taushi.

Akwai mai cewa shi ba ya da lokacin sauya gilashi, kuma yana da hujja. Wanda ke bin bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko masu yi wa ƙasa hidima a sansanin Fanisau, ko taro a dandalin Malam Aminu Kano, yanzu mutum ɗaya ne a gabansa, an jima dangi goma sha. Irin wannan ya nemi 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron. Faɗinsa kusan ɗaya da wanda kake da shi, amma ƙofarsa ba ta tsukewa idan ka jawo, don haka a ƙarshen zum yana ba ka haske ninki 4.

Sai hawan Sallah, inda kowane mai hoto a masarautar nan yake son ya nuna kansa. Ranar da Mai Martaba Sarkin Dutse ya fito, ko ranar Hawan Bariki, hakimai daga Gwaram da Jahun da Birnin Kudu da Kiyawa kowa da tawagarsa, gilashin da za ka gani a hannun manyan 'yan jarida shi ne 70-200mm f/2.8. Ya cancanci sunansa: fokas ɗinsa na da sauri, yana ware mahayi ɗaya daga cikin cincirindo. Amma nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi ne, kuɗinsa kuma ya ninka na kyamararka. Abin da kake biya a cikinsa shi ne f/2.8, hawa kuwa a sarari ake yin sa, haske ya yi yawa ma. Canon 55-250mm STM ko Nikon 70-300mm za su ba ka kumatun mai algaita a kumbure, da ɗinkin da ke jikin alkyabba, da kumfar bakin doki a kan linzami. Ka sa saurin ɗauka a 1/1000 ko sama idan za a yi jafi, ka sa fokas mai bin motsi, ka sami wuri tun da wuri inda rana ke bayanka ko gefenka. In wani aiki ya kama lallai sai babban, ara ko haya na yini ya fi ka ci bashi a kan abin da za ka ɗauko sau biyu a shekara. Kuma ka sani dogon gilashi ba ya maganin nisa. Ƙurar da kofato ya tayar, da hazon hunturu, da hucin ƙasa na watan Afrilu duk suna tsakaninka da abin da kake hange, gilashin kuma tare zai jawo su. Matsowa ta fi, matuƙar dogarai sun ba da dama kuma ba ka tsaya a hanyar dawaki ba.

Duwatsun da garin Dutse ya samo suna daga gare su ba sa neman sabon saye. Gilashinka na 18-55, a 18 da f/8 da sanyin safiya, zai yi su da kyau, haka ma zanen shanu na kogunan dutsen Birnin Kudu. Dogon gilashin hawan kuma in ka juya shi kan dabino da dutse a bayansa, sai dutsen ya matso ya cika hoton.

Yanzu batun saye. Kowane gilashi da bakin da yake shiga. Na Canon mai EF yana hawa ƙanana da manyan kyamarorinta, amma EF-S ba ya shiga 5D ko 6D. Sababbin marasa madubi da suka fara fitowa a 2018, Canon RF da Nikon Z, suna karɓar tsofaffin gilasai ta adafta, wanda ke nufin gilashin kirki da ka saya yau zai bi ka idan ka sauya kyamara gobe. Mai Nikon ya kula da abu biyu. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya fokas a jikinsu, don haka 50mm f/1.8D mai arahar nan zai hau amma da hannu za ka riƙa saita shi. Nemi mai harufan AF-S. Sannan mai AF-P ba ya aiki a kan tsofaffi irin D3100 da D90. Na Yongnuo ya fi araha, ba laifi a fara da shi, sai dai fokas ɗinsa na da ƙara kuma yana lalube a duhu.

Yawancinmu na hannu muke saya, daga Kano ko Legas. Kada ka yi cinikin biri a sama. Je da kyamararka. Cire murafen biyu, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, ba ta fita a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna mai kama da saƙar gizo, da hazo a cikin gilashin, da mai a kan ganyayyakin ƙofar haske. Juya zoben zum da na fokas ka ji ko suna cijewa. Ɗauki jarida manne a bango da ƙofa a buɗe duka, ka faɗaɗa hoton ka duba kusurwa huɗu. Idan gefe ɗaya ya dushe ɗayan ya fita, gilashin ya taɓa faɗuwa, ka ajiye musu kayansu.

In ya zama naka, abokan gabarsa biyu ne a ƙasar nan, kowanne da lokacinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce. Kada ka sauya gilashi a fili. Shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa. Kada ka goge shi da bakin riga ko hula, domin ƙurar hunturu yashi ce, karce take yi. Fara busa ta da 'yar robar iska, sannan ka shafa ƙyalle mai laushi na gilashi. Sa masa filta a gaba da malfarsa ta kare rana, in doki ya watso tsakuwa filtar ce za ta fashe. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta, laima ce ke haifar da fumfuna. Kada ka bar shi cikin jaka a ƙarƙashin gado. Sa shi a roba mai murfi tare da ƙullin nan na silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa shanya ƙullin a rana, gilashin kuma ka fito da shi ka yi aiki da shi ko da sau ɗaya a mako.