Darasin Kimiyya: Yadda Aka Sanyaya Filin Ƙwallo na Al-Janub a Katar

Gabatarwa

A shekarar 2010 ne FIFA ta ba Katar damar karɓar baƙuncin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022. Ƙasar hamada ce, a lokacin zafi yanayinta kan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka aka mayar da gasar watannin Nuwamba da Disamba, aka kuma sanyaya bakwai daga cikin filaye takwas da aka buga wasannin. Yau za mu duba ɗaya daga ciki, wato Al-Janub da ke garin Al-Wakra, wanda Zaha Hadid ta zana, aka buɗe shi a 2019. Tambayarmu ita ce: ta yaya ake sanyaya wuri mai cin mutum kusan 40,000 ko da tsakiyar rufinsa a buɗe take?

1. Iska mai sanyi ta fi nauyi

Idan iska ta ɗauki zafi sai ta buɗe, ƙwayoyinta su yi nesa da juna, ta rage nauyi, ta tashi sama. Mai sanyi kuwa a matse take, don haka ƙasa take nema. Cikin akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, iska mai digiri 20 nauyinta kusan kilo 1.20 ne, mai digiri 40 kuma kusan kilo 1.13. Bambancin kaɗan ne, amma a kansa aka gina dabarar baki ɗaya. Filin yana da siffar ƙwarya, sanyin da aka zuba ciki sai ya kwanta kamar ruwa, zafi ya tsaya daga sama.

2. Inda sanyin yake fitowa

Manyan injina suna sanyaya ruwa, a tura shi cikin bututu zuwa filin. Fankoki na hura iska ta kan bututun, ruwan ya zuƙe zafinta. Daga nan iskar ta fito ta hanya biyu: ƙananan ramuka a ƙarƙashin kujeru, masu busa wa 'yan kallo a hankali daga ƙafa, da manyan bakuna masu girman ƙwallo a gefen fili, masu feso wa 'yan wasa. Ana sake janyo iskar, a tace ƙura, a sanyaya ta, a mayar. Ba sararin sama ake sanyayawa ba, sai inda mutane suke kaɗai.

3. Aikin rufi

Abokin gabar wannan tsari shi ne iskar waje, domin tana iya shigowa ta kwashe sanyin. Dakta Saud Abdulaziz Abdul Ghani na Jami'ar Katar, wanda ya jagoranci aikin, ya gwada ƙananan samfuran filayen a ɗakin gwajin iska, yana sakin hayaƙi don ganin inda take bi. Rufi mai lanƙwasa yana sa iska mai zafi ta zame ta wuce ta sama, ga kuma inuwa da yake bayarwa.

Gwaji

Ku ɗaura balambalam a bakin kwalbar da ba komai ciki sai iska. Ku tsoma ta a ruwan zafi, za ku ga balambalam ya kumbura. Ku mayar da ita ruwan ƙanƙara, zai motse. Iskar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, wurin da take ci ne ya canza.

Aikin gida

1. Me ya sa aka sa ramukan iska a ƙarƙashin kujeru maimakon a rufi?
2. Me zai faru da sanyin idan aka bar manyan ƙofofin ƙasa a buɗe?
3. Filin 974, wanda aka gina da kwantenoni a bakin teku a Doha, ba a sa masa injin sanyi ba. Me kuke ganin ya taimaka masa?