Yadda Ake Gano Matsalar Totur Mai Lantarki Kafin a Sayi Kaya

Motoci da yawa da ke kan titunanmu yanzu, irin su Camry daga 2002 da Corolla ƙirar Amurka daga 2005, ba su da kebur tsakanin fedar totur da inji. In ka taka, na'urori biyu da ke jikin feda ne ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci ɗan ƙaramin moto ya buɗe faifan da ke maƙogwaron inji, inda iska ke shiga. Wasu na'urori biyu a can suna sanar da ita iya buɗewar. Da zarar lissafin ya saɓa, sai ta rage ƙarfi da gangan don tsare rai: fitilar inji ta kama, kana takawa har ƙasa mota na rarrafe. A nan ne ake garzayawa kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka a sayo maƙogwaro sukutum, bayan kwana biyu ciwo ya dawo.

Fara da batir. A sa mita: inji a kashe ya nuna kusan volt 12.6, yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Duba kan batir da wayar as ko sun saki ko sun ci gishiri. Raunin wuta kaɗai yana iya rikita totur.

Daga nan a jona kwamfutar bincike, kuma a rubuta lambobin kafin kowa ya goge su. P2138 na nufin na'urorin feda biyu sun saɓa wa juna, P2135 kuwa na maƙogwaro ne suka saɓa. P2111 faifai ya maƙale a buɗe, P2112 a rufe. Amma lamba layi kawai take nunawa; ba ta ce ga abin da ya mutu ba.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne mafi amfani. Murɗa makulli wuta ta kawo, kada ka tada inji. Taka feda sannu a hankali har ƙasa, ka sake ta haka, idonka na kan alƙaluman da kwamfuta ke nunawa. Ya kamata su tafi sumul, ba tsalle ba yankewa. A wasu motocin ɗaya na hawa ɗaya na sauka, wannan ba laifi ba ne. Sai ka riƙe feda wuri ɗaya, wani ya riƙa girgiza wayoyi da soket. In alƙalami ya yi tsalle daidai lokacin, waya ce ko soket, kuma ɗan rewaya zai gyara da kuɗi kaɗan.

Zare soket ɗin ka leƙa ciki da tocila. Kore-kore a kan fil alama ce ta ruwa, sau da yawa daga wankin inji da famfo mai ƙarfi. Ɓera ma yana cin waya. A auna a ga volt 5 na isowa.

Sannan datti. Ƙurar hunturu da tururin mai kan yi baƙin kaki a gefen faifai, musamman in matatar iska ta yage, sai silo ya riƙa rawa. Kashe mota, zare soket, domin moton yana iya datse yatsa. Fesa maganin wanki a kan tsumma ka goge, kada ya gangara cikin moto. Bayan wanki wasu motoci, musamman Nissan, sai an sake koya musu silo, in ba haka ba inji ya riƙa gudu a tsaye.

In wuta da waya lafiya, maƙogwaro tas, amma alƙalami na yankewa a wuri guda, to kayan ne ya mutu. Sayi mai lamba iri ɗaya da wanda aka cire, kuma ka ce wa bakanike ya maimaita gwajin feda a gabanka kafin ka biya.