Yadda Ake Kwantar wa Yaro da Hankali Kafin Tiyata

Daga kusan wata 8 yaro yake fara ƙiwuya, kuma 'yan shekara 1 zuwa 5 sun fi kowa firgita idan aka ɗauke su daga hannun uwa a bakin ɗakin tiyata. Firgicin yakan bi wasu har gida, da mugun mafarki da fitsarin kwance. Shi ya sa likitocin sa barci suke ba yaron da suka ga alamar tsoro a tare da shi maganin sanyaya jiki tun kafin a shiga.

Da farko likita zai duba yaron, ya tambayi uwa: yana minshari? Numfashinsa yakan ɗauke cikin barci? Yana tari ko mura? Wajibi ne ta faɗi gaskiya, domin maganin yana iya rage wa irin wannan yaro ƙarfin numfashi.

Sai batun ciki. A daina ba shi abinci, kunu da madara awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Tausayin da zai sa a ba shi loma a ɓoye yana iya jawo amai ya faɗa huhu.

Daga nan a ɗora shi a sikeli, don da nauyi ake auna magani. Wanda aka fi bayarwa shi ne midazolam, miligiram 0.5 ga kowane kilo. Yana da ɗaci, sai a gauraya shi da ɗan abin zaƙi, a zuƙa a sirinji marar allura, a ɗiga masa ta gefen kunci yana kan cinyar uwarsa. Wanda ya tofar, akwai na fesawa a hanci, kamar dexmedetomidine, sai dai ya fi jinkirin kamawa.

Cikin minti 20 zuwa 30 da shan midazolam jikinsa zai saki, idanu su yi nauyi, wani har ya riƙa murmushi. A nan ake ƙara sa ido. Kada a bar shi ya taka ƙasa, kuma nas za ta maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa. Ƙalilan sukan birkice da fizge-fizge maimakon su lafa, a kira likita nan take.

Sannan a gungura shi ciki. Galibi ba ya tuna rabuwar bayan ya farka.

Iyaye, wannan aikin asibiti ne, kada a sayo maganin barci a kemis a ba yaro a gida. Naku shi ne ku faɗa masa abin da za a yi daidai fahimtarsa, ku kuma zauna kusa da shi, domin natsuwarku tana rage masa tsoro.