Wace Kyamara Ta Dace Da Mai Nazarin Ƙwari: Marar Madubi Ko Ta Aljihu?

Gabatarwa

A daminar bara wani ɗalibina, mutumin Sabuwa, ya kawo mini hoton tsutsar da ke cinye musu masara domin in faɗa masa irinta. Tsutsar nan da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara ganowa a Nijeriya a 2016, ana shaida ta ne da alamomi biyu: zane mai kama da harafin Y a kife a kanta, da baƙaƙen ɗigo huɗu kusa da wutsiya. Hoton bai nuna ko ɗaya ba. Wanda kuwa bai san ƙwaro ba, da wuya ya dace da maganinsa. Wannan ya sa muka ga ya kamata mu duba kyamarar da ta dace da irin wannan aiki.

Kyamara Da Ido

Kamar yadda haske ke ratsa ido ya sauka a kan tantanin gani, haka yake ratsa gilashin gaban kyamara ya sauka a kan wani ɗan allo mai suna sensa. Gwargwadon faɗin allon, gwargwadon hasken da zai tara. Dubi mujiya: girman idanunta na daga cikin abin da ke ba ta damar farauta da dare.

Marar Madubi

Ana kiranta haka ne saboda an cire madubin da ke tura hoto zuwa idon mai ɗauka. Kamfanin Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008. Allon manya daga cikinsu ya kai milimita 36 a tsawo, 24 a faɗi, don haka sukan yi aiki ko da almuru. Bugu da ƙari, ana sauya musu gilashi, a sa na ɗaukar ƙananan halittu, har a ga gashin jikin tsutsa. Sai dai akwai tsada da nauyi, kuma duk lokacin da aka cire gilashi, ƙurar hunturu na iya sauka a kan allon.

Ta Aljihu

Masu daraja daga cikinsu, irin su Sony RX100 ta 2012, allonsu milimita 13.2 ne da 8.8, wato bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na wancan ba. Saboda haka hotonsu yakan yi dishi-dishi idan haske ya yi ƙaranci. Amma ƙaramin allo yana da nasa amfanin: yakan fito da kan tsutsa da wutsiyarta tangaram a hoto guda, abin da babbar kyamara ba ta yi sai an tsuke ƙofar haskenta. Ba a cire gilashinta, don haka ƙura ba ta cika shiga ba, ko da yake in ta shiga sai an kai wa mai gyara.

Kammalawa

Mai binciken da zai bambance jinsi da jinsi, marar madubi ce tasa. Malamin gona da ke zagaya ƙauyukan Sabuwa da Faskari a kan babur kuwa, ta aljihu ta ishe shi, muddin zai matso kusa, ya ɗauka da hantsi, ya kuma ajiye tsinken ashana kusa da ƙwaron domin a kimanta girmansa. Ɗalibina ya koma gona da ta aljihu, kuma a hoto na biyu mun ƙirga ɗigon nan huɗu cif.