Jirin Mota da Jirin Teku: Kwatancin Magungunansu

Hausawa ba su keɓe wa lalurar da motsin abin hawa ke haddasawa suna guda ba. Akan ce jiri ko hajijiya ko tashin zuciya, gwargwadon alamar da ta fi damun matafiyi. A wajen likitoci kuwa, jirin mota da na teku lalura ɗaya ce. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda Reason da Brand suka tsara a 1975, shi ne ana samun saɓani tsakanin saƙon da ido ke aika wa ƙwaƙwalwa da wanda sashen daidaita jiki na cikin kunne ke aikawa.

Abin da ya raba su shi ne daɗewar motsin, kuma a kansa zaɓin magani ya rataya. Fasinjan mota yana iya zama gaba, ya tsayar da ido a kan hanya, ya ajiye waya ko littafi, in abin ya tsananta direba ya tsaya. Alhazan da suka riƙa ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda ba su da wannan dama, domin teku ba ta da gefen hanya.

Ga tafiyar 'yan sa'o'i, ƙwayar dimenhydrinate, wadda aka gwada a kan sojojin Amurka cikin jirgin ruwa a 1948, tana wadatarwa, muddin an sha ta kafin a tashi. Bayan amai ya fara, da wuya ƙwaya ta zauna a ciki, balle ta yi aiki. Wannan ne ya fifita filastar hyoscine a teku: ana manna ta a bayan kunne aƙalla awa 4 kafin tafiya, maganin ya riƙa ratsa fata har awa 72, kusan adadin kwanakin da jiki ke ɗauka kafin ya saba da tangaɗin ruwa. Illarta bushewar baki da dishi-dishin gani.

Citta, wadda ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe, tana da 'yar hujja. A gwajin da aka yi wa ɗaliban sojan ruwa na Denmak, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1988, giram 1 na garinta ya rage amai da zufa. Sai dai sakamakon gwaje-gwajen da aka yi mata bai zo ɗaya ba, don haka ba ta kai matsayin hyoscine ba. Fifikonta guda shi ne ba ta sa barci, alhali dimenhydrinate da hyoscine duk suna sawa, abin da ya sa ba su dace da direba ko matuƙin jirgi ba.