Wane Fetur Ne Ya Fi Dacewa Da Babur?

 Darasinmu na wannan makon a kan man fetur ne, kuma abin da ya faru a gidanmu ne ya sa na zaɓe shi.

Yayana ɗan acaɓa ne, yana da babur ƙirar Boxer. Wata rana da damina ya kai fasinja wani ƙauye a wajen Ruma. A hanya mai ya kusa ƙarewa, sai ya sha na kwalba ɗaya. Yana dawowa da la'asar sakaliya, babur ya fara tari, ya mutu. Ya yi, ya yi, ya ƙi tashi. Duk wanda ya san Batsari da Safana ya san ba a so magariba ta yi wa mutum a daji. Haka ya turo shi har gida. Inna tana bakin zaure tana jiransa, ko tuwo ba ta iya ci ba. Washegari bakanike ya kwance kafireto, sai ga ruwa da datti a ciki.

Da abokin Yaya ya ji labari, sai ya ce, "Ai ƙaramin mai ka sha. Na gidan mai shi ne Premium, babban mai, shi ke ƙara wa mashin gudu." Suka yi ta gardama. Ni kuwa na kai tambayar wurin malaminmu na kimiyya. Ga abin da na koya.

Na farko, PMS da muke ji a rediyo cikakken sunansa Premium Motor Spirit. Wannan shi ne sunan fetur gaba ɗaya a Najeriya. Da na famfo da na 'yan bumburutu duk PMS ne, domin su ma a gidan mai suke saro shi. Ke nan a nan babu babban mai da ƙaramin mai.

Na biyu, akwai ƙasashen da ake raba fetur aji-aji. A Amurka za ka ga lambobi a jikin famfo: 87, 89, sai 91 zuwa 93. Ana kiran lambar okten. Mai 87 shi ne gama-gari, mai 91 zuwa sama shi ne mai tsada da suke kira Premium.

Mene ne okten? A cikin inji, fistin yana matse iska da mai a silinda, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ta tura fistin ƙasa. Idan matsin ya yi yawa, wani ɓangare na man zai iya fashewa da kansa ba a kan lokaci ba. Sai ka ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙarfe. Lambar okten tana nuna yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe ba. Ba ta nufin man ya fi ƙarfi ko ya fi tsabta.

Motocin tsere da wasu motoci masu tsada suna matse mai sosai, shi ya sa suke buƙatar okten mai yawa. Ƙananan babura irin Boxer da Jincheng an ƙera su ne su sha fetur gama-gari. Ko ka zuba musu mai tsadar, ba za su ƙara gudu ba, kuɗinka kawai ka zubar. Malam ya ce kamar ka saya wa jaki sirdin doki ne, ba zai yi sukuwa ba.

To, in haka ne, me ya kashe babur ɗin Yaya? Rashin tsabtar mai. Ruwa ba ya cin wuta, kuma ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki, daga nan ya gangara kafireto. Datti da tsatsa suna toshe ƙananan ramukan da mai ke bi. Idan kuma jarkar ta taɓa ɗaukar gas ko kananzir ba a wanke ba, babur zai yi hayaƙi, fulogi ya yi baƙi.

Ba duk 'yan bumburutu ne macuta ba. Ƙauyukanmu da yawa ba su da gidan mai, da su ake dogara. A ƙarshen watan Agusta na 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro da ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita gidajen man da za su sayar a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, har da namu. Mutane sun sha wuya kafin su samu mai. Kuma na gidan mai ma yana iya lalacewa. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur daga ƙasar Beljiyam mai sinadarin metanol da ya wuce ƙima, ya lalata motoci a Legas da Abuja.

Ga hanyoyi huɗu da za mu koya wa na gida:

1. A duba kwalbar a hasken rana. Idan akwai ruwa, za a gan shi kwance a ƙasa, bai haɗu da man ba.
2. A ɗiga kaɗan a farar takarda. Fetur mai kyau yana bushewa da sauri. Idan ya bar tabon maiƙo, akwai gas ko kananzir a ciki.
3. A tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki, kuma kada a juye na ƙarshen kwalba.
4. A sha mai a gari kafin a kama hanyar daji, kada a jira sai ya ƙare.

Gargaɗi: fetur ba abin wasa ba ne. Babba ne zai yi wannan gwaji, nesa da murhu, ashana da sigari.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da gumi ake sayenta. Da wannan babur ake kai mara lafiya asibiti, a kai rogo kasuwa, a biya mana kuɗin littafi. Saboda haka kada mu tambayi mai sayarwa ko man babba ne. Mu duba ko mai tsabta ne. Yanzu Yaya ba ya fita sai da ƙyallen tacewa a aljihunsa, kuma kafin magariba yana gida.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, amin.

Daga ɗalibi ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.