Kuɗaɗen Da Ke Kan Mai Sayen Gida Bayan An Yi Ciniki

Jama'a da yawa suna zaton in mutum ya biya kuɗin gida, aka rubuta takarda a gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu, aka miƙa masa makulli, to, magana ta ƙare. A wurin doka kuwa da sauran aiki, aikin nan kuma yana cin kuɗi. An shirya wannan bayani ne domin mai niyyar saye ya san abin da zai tanada tun bai fara taya gida ba.

Za mu ɗauki garin Keffi ya zama misali. Tun da aka mai da hedkwatar Tarayya Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda hayar birnin ta fi ƙarfinsu suke ta gangarowa ta Mararaba da Masaka har Keffi suna neman muhalli. Ga kuma jami'ar jiha da asibitin Gwamnatin Tarayya, kowannensu da jama'arsa. Saboda haka cinikin gidaje da filaye ya yawaita ƙwarai, galibin masu saye kuwa baƙi ne, ba su san asalin abin da ake sayar musu ba.

Tushen maganar duka shi ne Dokar Amfani da Ƙasa wadda aka kafa ran 29 ga Maris, 1978. Wannan doka ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Watau abin da mutum yake saye shi ne gini da haƙƙin zama a kan filin, wanda galibi ake bayarwa na shekara 99 in na gidan zama ne. Shaidar wannan haƙƙi ita ce takardar mallaka da ake kira satifiket. Sashe na 22 na dokar ya hana mai irin wannan haƙƙi ya sayar, ko ya jinginar, sai da yardar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ɓatacce ne. Kada a ɗauka wannan barazana ce kurum. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a Legas don ba a nemi yardar Gwamna ba, ko da yake mai filin ya mallake shi tun kafin 1978. In filin yana wajen iyakar da aka shata wa birni, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, ita kuma ake neman yardarta.

Kuɗin farko da ya kamata mutum ya kashe, tun bai ba da ko kwabo na kafin alƙalami ba, shi ne kuɗin bincike. A Jihar Nasarawa hukumar NAGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Can ne za a duba ko sunan mai sayarwa ne a fayil, ko gidan yana jingine a banki, ko kuwa gwamnati ta karɓi wurin domin hanya ko makaranta. A Keffi akwai dalili na musamman da ya sa binciken ya zama tilas. Garin ya zauna cikin Jihar Binuwai da Filato daga 1967, ya koma Jihar Filato a 1976, sa'an nan ya shiga Nasarawa da aka ƙirƙiro ta ran 1 ga Oktoba, 1996. Tsohon gida yana iya zama da takardar da aka buga a Jos. Wannan ba aibu ba ne, amma sai a tabbata an shigar da ita cikin rajistar jiha ta yanzu. In kuwa gidan gado ne, lalle a ga shaidar rabo daga kotu, ko sa hannun magada duka, gama rigimar gado ba ta tsufa.

Daga nan sai ladan masu aiki: la'adar dillali, da kuɗin lauyan da zai rubuta takardar ciniki, da na safiyo in ana bukatar sabon awo. Waɗannan ba haraji ba ne, sai a yi jinga da kowa a rubuce tun da fari.

Kuɗin hukuma kashi uku ne manya, suna bin juna. Akwai kuɗin neman yardar Gwamna, akwai kuɗin kan sarki da ake buga wa takardar ciniki, wanda ake so a biya cikin kwana 30 da sa hannu, akwai kuma kuɗin rajista. Kowace jiha da nata ma'auni, ana kuwa lissafa galibinsu a kan darajar gidan. A lura fa, darajar da ake nufi ita ce wadda ma'aikacin ƙima na gwamnati ya yanka. Wasu sukan rage kuɗin da suka rubuta a takarda don harajin ya yi sauƙi. A ganinmu wannan wayo ne marar riba, domin ma'aikacin ƙima ba ya bin abin da aka rubuta, in kuma cinikin ya warware, abin da ke takarda shi mai saye zai iya tabbatarwa a gaban alƙali.

Harajin riba kuwa na mai sayarwa ne. An kafa shi a 1967, an daɗe ana karɓar kashi 10 cikin 100 na ribar, sai Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026, ta haɗa ribar da sauran kuɗin shigar mutum. Akwai rangwame bisa sharuɗɗa ga wanda ya sayar da gidan da yake zaune a ciki. Mun ambaci wannan haraji ne don sau da yawa mai sayarwa yakan karɓi kuɗinsa ya yi gaba, sai ranar neman yardar Gwamna a nemi shaidar biya a hannun mai saye.

Bayan an tare ma da sauran biya kowace shekara. Kuɗin ƙasa na gwamnatin jiha ne, an kuwa rubuta sharaɗinsa a jikin satifiket, saɓa sharaɗin nan yana cikin dalilan da Gwamna zai iya soke haƙƙin zama. Harajin gini kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙimanta shi, bisa dokar da majalisar jiha ta yi. Bashin waɗannan biyu yakan tarar da sabon mai gida, don haka a nemi rasit na shekarun baya kafin a cika kuɗi. In an sami bashi, sai a cire shi daga kuɗin gidan.

Duk kuɗin da yake na hukuma, a nemi takardar ƙima wadda ta faɗi adadinsa, a biya ta banki cikin asusun gwamnati, a karɓi rasit da sunan mai saye. Kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu, ko da ya ce shi ma'aikaci ne zai gaggauta fayil. Wanda kuɗinsa bai isa ya gama takardu nan take ba, ya fara da kan sarki saboda wa'adinsa, ya shigar da takardar neman yardar Gwamna tun mai sayarwa yana kusa, domin dole ne shi ma ya sa hannu a kanta.